Uwar Kaset ɗin Mutumin Mora

Ku da kuke leƙowa shagona kuna cewa, "Baba Garba, ai wannan aiki ko da ido rufe a yi shi, danna nan ne ka ja can," ku samu benci ku zauna. Ban yi fushi ba. Ni ma da nake kamar ku na faɗi abin da ya fi wannan. Zuba wa mutum waƙa a waya ba wani abu ba ne, gaskiyarku. Sana'ar ita ce ajiye sauti yadda mai shi zai dawo bayan shekara goma ya same shi kamar yadda ya bari. A nan ne ni kaina na yi tuntuɓe, kuma ba da ƙuruciya ba, sai da na yi furfura.

Aikin farko da aka ba ni a kasuwar nan ta Garwa shi ne mayar da zaren kaset da biro. Maigidana Malam Sule, wanda ya koya mini sana'ar, yana da rumfa kusa da inda motocin Ngawundere ke lodi. Kayan aikinsa ba su da yawa: rikoda mai baki biyu, auduga da kwalbar sifirit na goge kan rikoda, almakashi da ɗan salatif na ɗinke zare in ya tsinke, sai akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda makullinsa ba ya barin aljihunsa. A cikin akwatin nan ake ajiye uwaye. Uwa ita ce kaset na asali. Wanda aka kwafa daga gare ta 'ya ce, wanda aka kwafa daga 'ya kuwa jika. Uwa ba a sayar da ita, ba a ba da aronta ko ga surukinka, ba a kuma bari rikoda ta mayar da zarenta, don injin yana ja da ƙarfi. Shi ya sa nake zaune da biro ina juyawa har yatsana ya yi kanta.

Wata Juma'a Malam Sule ya tafi masallaci da wuri, da makulli a aljihu, sai ga wani direba yana sauri, motarsa ta cika. Na ce a raina ai waƙa waƙa ce. Na ɗauko 'ya daga kan tebur na kwafa masa. Bayan kwana huɗu ya dawo daga Ngawundere ya ajiye kaset a gaban maigida, ya ce muryar mawaƙin kamar yana cikin rijiya. Malam Sule ya sa a rikoda, bai saurara ya kai ƙiftawa goma ba ya kashe.

"Garba, wannan jika ce."

Na fara rantse-rantse.

"Bar rantsuwa, kunne ya riga ka ba da shaida. Sauti ba ya ƙaruwa, raguwa yake yi. Duk hannun da ya taɓa shi sai ya ɗebi rabonsa. Ka ji?"

Na ce na ji. Kuma na ji ɗin, shekara ashirin ina riƙe da maganar, har ranar da kwamfuta ta zo ta ruɗe ni.

Lokacin da na sa kwamfuta a shagona Malam Sule ya riga mu gidan gaskiya. Ni ne na farko a layinmu da ke ɗaukar sautin kaset ya mayar da shi cikin sidi, sai mutane suka yi ta kawo tsofaffin kaset daga ƙasan akwati. Ba waƙoƙin kasuwa kawai ba. Wani wa'azin kakansa, wata kiɗan bikinta, wani saƙon da ɗan'uwansa ya aiko da murya daga Makka tun zamanin da ake aika kaset maimakon wasiƙa. Yadda nake yi shi ne, in kunna kaset in ɗauki sautin gaba ɗaya yadda ya fito, da shuu ɗinsa da komai, cikin fayil da ake kira WAV. Wannan fayil ƙato ne, minti ɗaya yana cin wuri kamar mega goma, amma babu abin da ya bari a baya. Shi ne uwa. Daga nan in wanke shi, wato in sa kwamfuta ta cire shuu ɗin nan na tsohon zare, sannan in matse shi ya zama MP3 ɗan ƙarami. Wannan 'ya ce, ita nake ba mai kaya. Uwar kuma in bar ta a dis-dur, faifan ajiyar kwamfuta.

Cikin masu kawo irin wannan aiki akwai Malam Bukar, direban babbar mota daga Mora, mai kawo albasa Garwa. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ya ciro kaset daga cikin hankici, ya ce babansa ne ya ɗauka da rikodar da ya zo da ita daga aikin hajji, ranar da wani mai kukuma ya zo yi masa barka da sauka. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi masa aikin, na wanke tas har ina yaba wa kaina, na ba shi sidi da kaset ɗinsa. Ya yi godiya ya tafi.

Yanzu ku saurari inda ɓarnar take, don kashi uku ce, kuma kowanne lokacin da nake yin sa gani nake dabara ce.

Na farko, suna. Ban taɓa zama na sa wa fayil sunan kirki ba. Abin da ya zo bakina nake rubutawa: "sabo", "sabo 2", "na Alhaji", "na Alhaji biyu". Alhazai nawa ne a Garwa? A lokacin ina ganin kaina zai riƙe.

Na biyu ya zo ne a shekarar da kasuwa ta juya mana baya. Wayoyi masu memori suka cika gari, ba mai sayen sidi, kowa so yake a cika masa waya da sababbin waƙoƙi da finafinai. Wanda ba shi da sabon abu, yara su wuce shi su tafi shagon gaba. Tsohon dis-dur ɗina ya fara wani ƙas-ƙas kamar ƙwaro a cikin itace, na kwashe komai na zuba a wani, shi ma kafin damina ya cika maƙil, ga shi ba halin sayen na uku. Na zauna ina duba abin da ke cinye mini wuri, sai na ga kowane aikin kaset yana nan sau biyu, ga ƙato ga ƙarami. Na kunna ƙaton na ji shuu. Na kunna ƙaramin na ji shi garau. Na ce to, me nake ajiye datti? A wuni ɗaya na goge uwaye duka, na zuba finafinai a gurbinsu. Da kaset ne a hannuna da ban iya jefa shi a bola ba, amma abu ne da ba a riƙe shi a hannu, danna maɓalli ɗaya ne, ko gezau ban yi ba.

Na ukun shi ne abin kunya. Bayan shekara biyu hali ya ɗan samu, na sayi babban dis-dur. Wani malamin lise, wato makarantar sakandare, da ke sayen tsofaffin waƙoƙi a wurina ya ba ni labarin FLAC. Ya ce shi wannan ninke riga yake yi, ta ƙanƙance ta shiga jaka, ranar da ka warware ta ka same ta cikakkiya. MP3 kuwa yanke rigar yake yi ya zubar da abin da yake ganin ba za a lura ba. Bayaninsa daidai ne, ni ne na ɗauki rabi na bar rabi. Na dawo shago na mayar da duk MP3 ɗina FLAC. Na ga fayil sun kumbura sun yi nauyi, na ce alhamdulillahi, uwaye sun dawo. Yankakkiyar riga ce na sa a babban akwati.

Ranar da Malam Bukar ya dawo, ana tsakiyar zafin bazara, irin wanda kwalta ke laushi a Garwa. Lokacin hare-hare sun yi tsanani a wajen Mora, kullum sai ka ga motoci sun sauke mutane da ƙullin kaya. Ban gane shi da farko ba, ya rame, silifa ne a ƙafarsa. Muka gaisa, na yi masa jaje. Ya ce iyali suna nan lafiya a unguwar Pumpumre wurin wani ɗan'uwa, amma gida ya ƙone da abin da ke ciki.

"Malam Garba, ka tuna kaset ɗin da na kawo maka?"

"Mai kukuma? Na tuna."

"Ya tafi a wutar." Ya ciro waya. "Wanda ka yi mini yana nan, yara sun juye mini daga sidi. Amma Inna ba ta ciki."

Na ce wace Inna?

Sai ya gaya mini abin da bai faɗa ba a zuwan farko. A fuska ta biyu ta kaset, can bayan kiɗa, akwai inda mahaifiyarsa ta yi magana daga cikin gida. Yana ɗan shekara bakwai lokacin. Ba ta ƙara shekara biyu ba ta rasu, kuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ya ce tun a mota ya lura muryar ba ta fita a sidi, ya ɗauka ƙarar inji ce, kuma bai damu ba tunda kaset na gida.

"Ka ce mini kana ajiye na asali. Shi na zo karɓa."

Na ce ai yana nan, har ma a FLAC. Na sha wuya kafin na gano shi cikin tarin "na Alhaji", na sa masa abin ji a kunne na kunna. Ya rufe ido. Ina kallon fuskarsa, ina kallon minti na tafiya. Ya kai ƙarshe ya ce in mayar. Na mayar. Ya sake ji har ƙarshe, ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali.

"Ba shi ba ne."

"Malam Bukar, dubi girmansa, wannan ba irin na waya ba ne."

"Ni ban san girma ba. A nan wurin, in mai kukuma ya tsaya ya yi tari, ita ce ke biyo baya. Yanzu sai wani abu kamar ruwa a kwalba."

Na karɓa na saurara da kaina. Bayan tarin akwai wani ɗan ƙulu-ƙulu, shi ke nan. Wankin da na yi ya ɗauki muryar a matsayin datti ya tafi da yawancinta, matsewa ta ƙarasa sauran. A lokacin ne maganar malamin lise ta faɗo mini duka, da ta Malam Sule a bayanta. Na ji tsoro ƙwarai, don na san abin da na yi, kuma na san ba shi kaɗai na yi wa ba.

Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dai ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya miƙe. Yana kai bakin ƙofa na tuna da tsohon dis-dur mai ƙas-ƙas. Shi ban goge komai a cikinsa ba, na cire shi ne na jefa a durowa tun kafin ɓarnar.

Maƙwabcina Hamadu mai gyaran rediyo, Bafillace ne, tare muka tsufa a layin nan. Na kai masa faifan, ya juya shi a hannu, ya kara a kunne ya girgiza kaɗan.

"Garba, wannan in ya tashi, sau ɗaya zai tashi. Kada ka buɗe komai don ka ji, kada ka yi yawo a ciki. Ka san abin da kake nema, ka ɗauka, ka fita. Kuma ba a wutar gari ba. In aka yi kupir, wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, an gama."

Ya kawo batirin mota da na'urar da ke mayar da shi wutar gida, muka ɗora kwamfuta a kai. Saura babbar matsala: ta yaya zan gane fayil ɗaya cikin ɗaruruwa masu suna "sabo", ba tare da na kunna ko ɗaya ba? Ga shi sunan da na sa wa 'ya daban, na uwa daban. Nan ne sana'a ta ɗan rama mini. Na duba na wayar Malam Bukar, fuska ta biyu minti goma sha ɗaya ce da 'yan daƙiƙu, don batirin rikodar babansa ya mutu kafin zare ya ƙare. Minti goma sha ɗaya a WAV zai kama mega ɗari da 'yan kai. Yawancin kaset fuskarsu rabin awa ce ko fiye. Ke nan in na jera fayil bisa girma, ba sai na saurari kowa ba.

Muka yi bisimilla, Hamadu ya haɗa waya. Faifan ya yi shiru, ya yi ƙas, ya yi ƙas-ƙas, sannan na ji ya ɗauki juyi. Kwamfuta ta daɗe tana tunani. Can sai sunaye suka bayyana. Na jera su bisa girma. Biyu ne suka yi daidai da lissafina: "sabo 7" da "na Alhaji biyu".

"Ɗauki duka biyun," in ji Malam Bukar.

"Ba lallai ya kai ba," in ji Hamadu. "Zaɓi ɗaya tukuna."

Na dubi ranar da aka ajiye kowanne. Ɗaya cikin damina, ɗaya cikin bazara.

"Malam Bukar, wane lokaci ka kawo mini kaset?"

"Da lodin albasa na zo. Sabuwar albasa."

Sabuwar albasa da bazara take zuwa, sai na ja na bazara, "sabo 7". Layin kwafi ya fara tafiya kamar hawainiya. Ya ce saura minti biyu, ya koma ya ce saura minti arba'in, ya tsaya cak a wajen rabi, faifan yana ƙas, ƙas, ƙas. Ana cikin haka aka ɗauke wutar gari. Kwamfuta ba ta mutu ba saboda batir, amma fanka ta tsaya, shago ya zama tanda. Hamadu ya taɓa faifan ya janye hannu, ya ce zafi zai kashe shi. Kafin in ce wani abu Malam Bukar ya yage murfin kwalin sidi, ya durƙusa a ƙasa, ya shiga yi wa faifan fifita da hannu biyu. Ƙaton mutum, zufa na ɗiga daga gemunsa, yana fifita wani ɗan ƙarfe kamar mai jinya. Ba wanda ya yi dariya. Layin ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Ni dai salati nake, ina kallon kore yana cin fari da kaɗan-kaɗan, har ya kai ƙarshe.

Da na ga ya shiga, kwaɗayi ya kama ni. Na zaɓi sauran uwayen duka na ja su. Faifan ya yi ƙas sau biyu, ya yi wata 'yar ƙara siririya, ya yi shiru. Hamadu ya cire ya mayar, ya canja waya, ya bar shi ya huce ya sake gwadawa. Bai ƙara tashi ba har yau.

Ban sa wa Malam Bukar abin kunne ba wannan karon, na kunna a lasifika, don in ba shi ba ne mu ji tare. Shuu ya cika shago. Sai kukuma, sai hayaniyar maza, wani zakara can nesa. Shi ne. Muka tsaya a haka har minti na bakwai. Mai kukuma ya tsaya, ya yi tari. Sai ga muryar mace daga nesa, siririya, a ƙarƙashin shuu ɗin, amma kowace kalma ana ji:

"Bukar! Kai Bukar, sa takalminka, ƙasa da zafi."

Malam Bukar yana durƙushe inda yake, da kwalin a hannu. Ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Hamadu ya fita waje ya ba mu wuri.

Can na ce, don in samu abin faɗa, ko in ɗan rage masa shuu ɗin kaɗan, a hankali, yadda muryar za ta ƙara fitowa.

"Kada ka taɓa," ya ce. "Bar shi yadda yake."

Na mayar masa da shi FLAC, na gaske wannan karon, daga uwa. Na zuba a memori biyu da sidi ɗaya, na ce kada ya ajiye su a gida ɗaya, kada kuma ya yarda da wanda za a tura masa ta waya, don a hanya ake matse shi. Na rubuta wa fayil ɗin suna cikakke: Mora, Malam Bukar direba, kukuma ranar dawowar babansa, fuska ta biyu, muryar Inna minti na bakwai, uwa, kada a wanke. Tun daga ranar haka nake sa wa kowane aiki suna, kuma kowace uwa tana wuri uku: nan shago, gidana, da wurin Hamadu. Duk wata sai na kunna faifan nan ɗaya bayan ɗaya na kara kunne ina sauraron ƙas. Kuna yi mini dariya in kun gan ni, na sani.

Wancan da kuke gani a saman kanta, naɗe cikin hankici, shi ne mataccen. An ce a manyan birane akwai masu buɗe irinsa su ciro abin da ke ciki, an kuma ce ba kullum ake dacewa ba. Ban jefar ba dai. Uwayen mutane ne a ciki, na Garwa da na garin Gidar da na ƙauyukan da yanzu ba kowa a cikinsu, kuma ɗaya tak na fitar. Sauran masu kayan ba su sani ba. Yawancinsu suna can suna jin 'ya a waya, hankalinsu kwance, sun san Garba na ajiye na asali.

Shi ya sa ba ɓarawo nake tsoro ba, ba kuma masu karɓar haraji ba. Abin da nake tsoro shi ne in ga babban mutum ya tsaya a bakin ƙofa yana duba allon shago, ba waya a hannunsa. Ranar Talatar nan da ta wuce wata dattijuwa ta tsaya haka. Ta yi sallama, ta ce, "Kai ne Garba mai kaset? Shekarun baya maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya kawo maka wani kaset na karatunsa. Namu ya lalace. Ya ce mini kana ajiyewa."

Na ce mata ta shigo ta zauna. Na tashi da kaina na je ɗebo mata ruwa a randar Hamadu, na daɗe a can ina wanke kofi.